Yadda Ake Zama Marubuci Ciyawa Tana Cin Gona

Ɗan'uwa, idan kana da gona kuma bayanka ba ya son sunkuyo, ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki, kafin damina uku za a riƙa kiran ka Marubuci tun daga ƙofar masallaci har bakin kasuwa, kuma ko kanta ɗaya ba za ta fito maka a tafin hannu ba. Ba labari aka ba ni ba. Ni Iliyasu a kaina na gwada, a ƙauyenmu da ke tsakanin Ungogo da Dawakin Tofa, kuma sakamakon yana nan a rubuce, da hatimin dagaci da sa hannun shaidu uku. Marubutan birni nawa ne za su iya bugun ƙirji su faɗi haka?

1. Fara da sanarwa, rubutu ya biyo baya

Kuskuren sababbin shiga shi ne su shige ɗaki su kama rubutu ba wanda ya sani. Wa ya gan ka? Ka jira a taru, ka gyara murya, ka ce, "Ina rubuta littafi." Kada ka ce "zan rubuta". Wanda zai rubuta ana iya aiken sa kasuwa, wanda yake rubutawa kuwa ba a katse shi.

Za a tambaye ka a kan me. Zaɓi abin da ba mai iya kushewa. Ni noma na zaɓa.

Ga yadda aka yi. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona ɗaya, mu uku: Yaya Tahira da ke aure a Gezawa, da ni, da ƙanenmu Abdulkabir da ke jan adaidaita sahu a Ungogo. Baba Tasi'u, ƙanin mahaifinmu, ya ce in aka raba gonar nan uku kowa wurin shimfiɗa tabarma kawai zai samu. Sai aka bar ta a hannuna, tunda ni ne a gida, a kan in noma ta, da kaka a kai wa kowa daminsa na gero. A wannan zaman na sanar cewa ina rubuta littafi a kan gonar da darajar manomi.

Baba Tasi'u ya ce, "Madalla, Iliya. Amma dai ita gonar ma za a noma ta ko?"

Na ce, "Baba, ai littafin a kanta yake."

Ya ce, "To."

Ka lura da wannan "to" ɗin. In dattijo ya ce maka "to" bai ƙara komai ba, ka ɗauka ya amince. Haka na ɗauka, kuma na samu shekara uku ina jin daɗin kuskuren.

2. Tanadi kayan aiki

Kana bukatar jaka ta ratayawa, da littafin rubutu mai kaurin bango, da biro uku a aljihun gaba, da tabarau ko da idonka garau yake. A shafin farko ka rubuta sunan littafin da manyan baƙaƙe, ka sa naka a ƙasa. A shafi na biyu ka rubuta sadaukarwa. Kada ka yi gaggawa a nan. Ni rani guda na yi a kan sadaukarwa, saboda in na sa wane sai wane ya ji haushi.

Sauran shafukan ka bar su farare. Farar takarda ba ta da kuskure, kuma ba mai sharhin da ya taɓa kushe ta. In ka ji hannunka yana ƙaiƙayin aiki, canza sunan littafin. Na canza nawa sau tara, kowane canji na yi shawara da mutum biyar, kowace shawara ta ci yini.

3. Zauna inda za a gan ka

Marubuci a ɗaki rago ne, marubuci a gona manazarci ne. Ka je gonarka da hantsi, ka shimfiɗa buzu, ka buɗe littafi a cinya, ka zuba wa nesa ido. In mai wucewa ya ce "sannu da aiki", ka ɗan jinkirta kafin ka amsa, kamar an tsamo ka daga rijiya.

A iyakar gonarmu ta gabas akwai wani gawo. Duk cikin itatuwan Allah shi kaɗai ya fahimci marubuci: da damina, lokacin da kowace bishiya ta duƙufa fitar da ganye, shi sai ya kaɗe nasa ya huta. Sai dai ba shi da inuwa a lokacin, don haka ka yaba masa daga nesa, ka je gindin ɗorawa ka zauna. Tamu tana arewa, tana da wata saiwa da ta turo waje daidai bayan mutum. Can na yi mafi yawan tunanina, kuma wanda ya ce maka minshari ya ji, hassada ce.

4. Koyi amsa ga kowane lokaci

Aikin gona yana da jadawali, don haka uzurinka ma ya zama yana da nasa. Lokacin sassabe kana bincike. Lokacin da mutane ke jigilar taki a kan jakuna kana tsara babi-babi. Sauran shekarar duka ka jingina da kalma ɗaya: ilhama. Ba a ganin ta, ba a auna ta, ba wanda zai ce ta zo ka ƙi karɓa.

Matsalarka a nan ita ce uwargida, don ita take leƙa rumbu. Tawa Hure ba ta da yawan magana, amma wadda take yi tana isa. Ranar da ruwan shuka ya sauka a shekarar farko, ta same ni a tsakar gida ina fere fensir.

"Malam, gari duk ya fita da sungumi."

"Hure, ilhama ma saukowa take yi kamar ruwa, kuma ba ta sallama. In ta zo ba ta same ni ba fa?"

"To, Allah Ya sa ta sauko da gero."

Kada irin wannan ya karya maka gwiwa. Duk manyan marubuta an yi musu gatse a gida. Na yi shuka bayan kowa, na yi noma rabi da rabi, da kaka na aika wa Yaya Tahira dami uku a inda mahaifinmu yake ba ta goma. Shekara ta biyu ƙuduji ya shiga gonar, ya yi fure ja gwanin sha'awa, har na rubuta sunansa a gefen shafi don ya shiga babi na huɗu. Dami ɗaya na aika. Ta aiko a tambaye ni ko littafin ana tuƙa tuwo da shi. Ka ga, har ta fara sha'awar aikin.

5. Kada ka taɓa ƙin zuwa gayya

A garinmu har yanzu ana gayya. Wanda ciyawa ta fi ƙarfinsa sai ya bi gida-gida ya faɗa, washegari maza su fito da fartanyu, shi kuma ya tanadi fura da tuwo, kafin azahar an gama masa. Ba a biyan kowa. Yau kai, gobe wani, shi ke nan ƙa'idar.

Rago yakan ɓuya ranar gayya. Kai ba rago ba ne, marubuci ne. Ka riga kowa zuwa, da jakarka. Ka sami gindin bishiya ka sanar cewa kana nazarin aikin ne saboda littafi, kuma duk wanda ya yi ƙoƙari sunansa zai fito. Daga nan sai tambayoyi. Akwai maƙwabcinmu Malam Sama'ilu, abokin mahaifinmu, wanda ya haura sittin amma har yau shi ke jan layi in an shiga kunya. Na taɓa tsayar da shi yana tsakiyar aiki.

"Malam Sama'ilu, me kake ji a zuciyarka in ka sunkuya kan ƙasar kakanninka?"

Ya miƙe, ya share zufa da hularsa, ya ce, "Ciwon baya."

Na ce ya sake sunkuyawa in ga yadda yake riƙe ƙotar, don ban gani da kyau ba. Ya sake. Mutumin kirki ne.

In an kawo fura, kada ka yi kawaici. Aikin ƙwaƙwalwa ya fi na jiki cin abinci, kowa ya san haka. Gayya goma sha ɗaya na halarta a shekara uku, kuma ludayina bai taɓa yin latti ba. Masu cewa wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski ba su karanci adabi ba.

6. In an ritsa ka, yi jawabi

Ranar za ta zo. Tawa ta zo gab da damina ta uku, a zauren Baba Tasi'u. Yaya Tahira ta taso daga Gezawa, Abdulkabir ya ajiye babur ɗinsa a ƙofar gida. Shi ya kawo labarin cewa dillalan filaye sun iso ƙauyen da ke gabanmu, suna sayen gonaki suna yanka su fuloti-fuloti, kuma wani ya tambaye shi tamu.

Bai ɗaga kai ba da yake maganar. Ya ce, "Yaya, wallahi ba na son a sayar da gonar Baba. Amma ɗaki ɗaya muke ciki ni da iyalina, mu bakwai. Gonar da ba ta ba ni gero ba, ba ta ba ni ɗaki ba, me take ba ni?"

A irin wannan wuri kada ka kare kanka. Ka tashi tsaye ka yi magana a kan ƙasa. Na yi ta. Na kawo kakanmu da ya sare dajin, na kawo gumin mahaifinmu, na yi wa noma kirarinsa, na duƙe tsohon ciniki. Na ce wanda ya sayar da gona ya sayar da kabarin da bai haƙa ba tukuna. Har yau ban san ma'anar wannan ba.

Yaya Tahira ta ce, "Bakin nan naka, Iliya, da fartanya ce da mun fi kowa hatsi a garin nan."

Baba Tasi'u ya ɗaga hannu. "Damina ɗaya. In na ga gero a rumbu da kaka, ba mai taɓa gonar nan ina raye. In harƙiya na gani, ni da kaina zan kira dillalin."

Zan faɗa maka gaskiya sau ɗaya a cikin jagorar nan, kada ka saba. Na tsorata. Ina son gonar nan, a cikinta na koyi tafiya. Da ruwa ya sauka na riga kowa fita, na shuke ta kaf a kwana biyu, gero ya tsiro layi-layi, har Hure ta fara yi mini murmushi in na shigo.

Amma ka tuna kai wane ne. Jawabin nan na zaure ya tsaya mini a rai, na ga asara ce a bar shi ya bi iska. Na ce bari in zauna yini ɗaya in rubuta shi, tunda ga ilhama ta zo har gida. Na sami jimlar farko. Washegari na ga ba ta zauna daidai ba. Rana ta uku na mayar da ita yadda take. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana. Sati uku na yi ina gyaran jimlar nan, kuma su ne satin ukun da ake noman farko.

7. Kira taka gayyar

Ranar da na ɗaga ido daga takarda, na nemi gero na rasa. Harƙiya ta kai gwiwa, ta rufe kunya da kwari, gonar ta yi kore shar, ba abin ci ko ɗaya a ciki. Na bi gida-gida ina faɗa. Hure ta kankare ƙasan rumbu ta daka fura, wannan karon ba gatse, abin da ya fi gatsen zafi. Ni na ɗauki ƙwaryar a kaina zuwa gona.

Suka zo. Ban taɓa ganin gayyar da ta tara mutane haka ba, sun haura ashirin, Malam Sama'ilu a gaba. Sai dai ba mai fartanya ko ɗaya. Kowa da 'yar takarda a hannu, wani littafin makarantar 'ya'yansa, wani bayan kwalin sabulu, kowa da biro a maƙale a kunne. Suka jeru a gindin ɗorawa, suka miƙe ƙafa, suka zuba wa nesa ido.

Malam Sama'ilu ya ce, "Bismilla, Marubuci, fara mu gani. Nazari muke."

Na sunkuya. Ban kai ƙarshen kunya ɗaya ba wani ya ce in sake, bai ga yadda nake riƙe ƙotar ba. Wani ya ce ilhama ta zo masa, a miƙo ludayi. Malam Sama'ilu ya tako har inda nake, ya gyara biro, ya tambaye ni me nake ji a zuciyata.

Na ce, "Kunya."

Suka yi dariya har da masu faɗuwa. Da ta lafa, sai suka tashi suka nufi layin gamba da ke iyakar yamma, ashe can suka ɓoye fartanyunsu tun da sassafe. Mutanen garinmu sun iya wasa, amma ba sa barin gonar maƙwabci ta mutu a kan idonsu.

Malam Sama'ilu ne ya fara shiga. Ya sa hannu ya buɗa ciyawar, ya daɗe yana dubawa. Geron yana nan a ƙasa, rawaya, siriri kamar tsinken tsintsiya. Ya tumɓuke ɗaya ya nuna mini, dariyar ta bar fuskarsa.

"Iliyasu, ba a fafe gora ranar tafiya. Da sati uku da suka wuce ka kira mu."

Duk da haka suka noma ta. Har azahar suna sunkuye, sun san aikin banza suke yi. Da za su tafi na fara godiya, ya tare ni. "Don mahaifinka muka yi. Gayyarsa ba ta taɓa wuce mu ba, tamu ba ta taɓa wuce shi ba."

Da kaka, jaki ɗaya ya kwaso abin da gonar ta bayar a sawu ɗaya, yana tafe yana tsinkar ciyawa a hanya. Baba Tasi'u ya leƙa rumbu, ya ce, "To."

8. Wallafa

Kowane marubuci yana da ranarsa. Tawa ta faɗo ranar Talata, a zauren dagaci. Ga dillali da mai saye, ga shaidu, ga Baba Tasi'u, ga Abdulkabir, Yaya Tahira tana zaune daga bakin ƙofa. An gama magana, saura takardar ciniki, sai aka ce magatakardan dagaci ya tafi ta'aziyya, sai jibi. Dillali ya fara duba agogo.

Baba Tasi'u ya ce, "Me za a jira? Ga marubuci muna da shi."

Na buɗe jaka. Na wuce sunan littafi, na wuce sadaukarwa, na wuce shafin jimlar nan guda, na yago na huɗu. Dagaci ya ce in rubuta sunayen magada, sannan in rubuta iyakokin gonar.

Ɗan'uwa, ban jira komai ba. Biron ne ya kama gudu, ni ina bin sa. Na rubuta cewa gabas ta yi iyaka da gawon da mahaifinmu yake ɗaure jakinsa. Yamma ta yi iyaka da layin gambar da ya dasa da hannunsa shekarar da aka haifi Abdulkabir. Kudu ta yi iyaka da burtali, inda ruwa ke kwanciya, inda kunama ta harbi Tahira ranar da ta kawo abinci, mahaifinmu ya goya ta har gida ya bar garmarsa a kunya, bai taɓa barin garmar a waje ba sai ranar. Arewa ta yi iyaka da ɗorawar da Innarmu take tara kalwa a gindinta, take yin daddawar da ake ji tun daga bakin hanya.

Dillali ya leƙo ya ce, "Malam, ba a sa jaki da kunama a takardar fili. Gabas wane, yamma wane, shi ke nan."

Dagaci ya ce, "Bar shi ya gama."

Da na gama, dagaci ya karanta a fili, yana bi a hankali. Yaya Tahira ta ja mayafi ta rufe fuska. Abdulkabir ya tashi ya fita wai zai duba tayar babur ɗinsa. Baba Tasi'u ya karɓi takardar, shi da ba ya karatun boko, ya riƙe ta yana kallo.

Ya ce, "Ashe ka iya."

Sannan ya dangwala yatsa.

An buga kwafi huɗu a shagon hoto na bakin titi, kuma duk sun ƙare a ranar. Ka nuna mini marubucin da aikinsa na farko ya ƙare a kasuwa ranar da ya fito. Har gobe in na wuce majalisa ana cewa, "Marubuci, sannu," kuma yanzu ba mai dariya in ya faɗa.

Togaciya

Mai wannan jagora ba shi da alhakin rumbun da ya bushe, ko matar da ta daina gatse, ko 'yar'uwar da take gaishe ka kamar baƙo. Ba ya karɓar ƙorafi daga masu gonar gado, kuma wanda ya bi matakan nan har suka yi masa aiki, shi da Allahnsa. Alkawarin da na yi na cika: ga suna, ga hannu sumul.

Mai son karanta cikakken aikina ya je wurin dagaci, shafi ɗaya ne, ba zai ci masa lokaci ba. Mai son ganin gonar kuma ya bi sabon titi, ya nemi fuloti na goma sha huɗu, inda aka jibge bulo. Nan ɗorawar take a da. Amma kada ya ce in raka shi. Ni yanzu ta bayan gari nake zagayawa.